Na Tare Malamin Ƙanena a Zaure

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu maza da mata. Ina yi muku fatan alheri. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin garinmu bai kai girman da mutum zai ɓace a cikinsa ba. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san akwai waɗanda tun ba su gama layi uku ba za su rubuta "Allah ya shirye ka" su wuce abinsu. Amin, na gode. Amma shawara na zo nema, zagi kuwa ina yi wa kaina shi safe da yamma, ba na buƙatar ƙari.

A Gummi muke zaune, amma asalinmu mutanen Zugu ne, tashin hankalin 'yan bindiga ya koro mu cikin gari. Baba bai saki gonarsa ba, in hanya ta lafa sai ya hau babur ya tafi ya yi kwanaki can, in ta yi zafi ya dawo ya zauna yana sauraren rediyo yana huci. Ni ne babba a ɗakinmu, ina da ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwa. Ƙanena, wanda zan kira Lawali, shi ne mai ƙwaƙwalwar gidan. Tun yana firamare yake cewa likita zai zama, kuma ba wanda ya taɓa yi masa dariya don kowa ya ga alama. Bara ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, shekarar da yaro ke fuskantar jarrabawa biyu: ta shiga jami'a wadda ake yi da kwamfuta, da ta kammala sakandare wadda ake rubutawa a makaranta.

Sai kun san abin da ya same ni kafin ku gane wautar da na yi. A lokacinmu, a makarantar ƙauyen da na gama, jarrabawar kammala sakandare ba karatu ake yi mata ba. Ranar jarrabawa a ja mai sa ido a kai shi ofis a ajiye masa lemo da nama, malami ya shigo ya cika allo da amsa, mu kuma mu kwafa har da kuskurensa. Haka na fito da sakamako mai kyau alhali ban san komai ba. Da na je jarrabawar shiga jami'a kuwa, ranar na fara zama gaban kwamfuta a rayuwata. Ina ta kokawa da linzamin kwamfutar, wato ɗan abin da ake dannawa a zaɓi amsa, lokaci ya ƙare ban kai rabi ba. Na sake, na sake, har na haƙura. Tun daga nan na riƙe a raina cewa ta kwamfuta ita ce dodo, ta makaranta kuwa taimako ne, kowa haye ta yake yi. Wa zai gaya mini akasin haka, ni da na gani da idona?

Ana haka sai wani mutum ya dawo daga Sakkwato ya buɗe wurin lasin na koyon jarrabawar kwamfuta a wani shago, ya jera 'yan kwamfutoci. Injiniya ake ce masa, ko da yake har yau ban ga injin da ya taɓa gyarawa ba. Sola yake amfani da ita, batirinsa kuma ya gaji da duniya, kwamfutocin ba sa tashi sai rana ta take, da la'asar kuma sun mutu. Wato lasin ɗinsa daidai lokacin makaranta ne, ba yadda za a yi yaro ya haɗa biyun. Na je na leƙa, na ga yara suna danna amsa fat-fat, ana koya musu yadda za su zubar da amsoshin banza su cafke ta gaskiya ko ba su gane tambayar ba. Na ce ga abin da na rasa nan, wallahi ba zai wuce ƙanena ba.

Na kira Lawali shago na gaya masa shawarata. Kullum da safe zai sa yunifom ya fito kamar mai tafiya makaranta, ya biyo ta shagona ya tuɓe ya sa kayan gida, ya wuce lasin. In an tashi ya dawo ya mayar da yunifom ya tafi gida. Yaron bai so ba. Ya ce, "Yaya, Malam Ishaya ya ce wanga zangon za mu hwara firatikal, kuma wanda duk bai yi da hannunai ba, ba ya iyawa ranar jarrabawa." Na yi masa dariya. Na ce, "Firatikal ɗin mi? Ranar jarrabawa allo za a cika muku. Ni da kai wa yar riga wani yin ta?" Washegari ya biyo ta shagona ya tuɓe yunifom. A gidanmu ƙane ba ya jayayya da wansa, ni kuma na san haka, da shi na yi amfani.

Malam Ishaya shi ne malamin kemistiri da fizis a makarantarsu, shi kaɗai, ba na biyu. Kirista ne daga Filato, ya daɗe a Gummi har 'ya'yansa duk a nan aka haife su, matarsa tana aiki a asibiti. Mutum ne siriri mai tsohon keke, ba ya dariya sosai, kuma yara suna cewa in ka yi fashin ajinsa sai ya san dalili. Ni na ɗauka zancen yara ne, sai ga shi wata rana bayan la'asar yana sallama a ƙofar gidanmu.

Kun san tsarin gidajenmu. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Zai tsaya ya yi sallama, wanda ya fito shi ne kunnen gidan, shi zai kai saƙo ciki ya dawo da amsa. In Baba ba ya nan ni ne mai fita, in yana nan ma, tun da gwiwarsa ta fara damunsa, ni nake fara leƙawa in ga ko wane ne. Wannan amanar aka ba ni, ita kuma na ci. Na fito na same shi riƙe da kekensa, muka gaisa, ya ce, "Ɗan'uwa, ni ne malamin Lawali. Kwana biyu ba na ganinsa a aji, na ce bari in zo in ji ko lafiya." Na ce masa zazzaɓi ne ya kwantar da shi amma ya samu sauƙi, Baba kuma yana Zugu. Ya yi masa fatan sauƙi ya tafi. Da na koma ciki Inna ta ce, "Wa na?" Na ce, "Wani mai neman wayatai na, Inna." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ya sake dawowa bayan wasu makonni, wannan karon ya riga ya gano inda yaron yake zuwa. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa mai zafi, amma mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ban zo in hana shi lasin ba, yana da amfani. Amma jami'a ba ta ɗaukar yaro da maki ɗaya, sai ta ga kemistiri da fizis a takardar sakandare. Ku ba ni shi Talata da Alhamis kawai, ranakun da muke shiga ɗakin gwaji, sauran ranakun ya je wurin kwamfuta." Ku duba fa, mutum ya tako da ƙafarsa ya kawo mini mafita har ƙofar gida. Me ya hana ni karɓa? Girman kai, ba wani abu ba. A raina cewa nake, wannan so yake ya nuna shi ne mai gaskiya, ranar jarrabawa ai dole ya rubuta a allo kamar kowane malami, in bai yi don Allah ba zai yi don sunan makarantarsu. Na ce masa to, in sha Allah zan gaya wa Baba. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Lawali ba. Na san in yaron ya ji malaminsa yana bin sawunsa har gida, washegari zai koma aji.

Zuwansa na ƙarshe shi ne ba ya barin raina. Ya ce yau kam maigidan yake son gani ido da ido. Baba yana ciki, ya dawo daga Zugu da hantsi, yana kishingiɗe yana jin rediyo. Na dubi mutumin nan na ce Baba bai dawo ba. Babur ɗin Baba kuwa yana nan jingine a cikin zauren tsakanina da shi, buhun dawa ma ba a kwance daga bayansa ba, ga muryar rediyo tana fitowa, ga tarin Baba da duk unguwa ta sani. Malam Ishaya ya dubi babur ɗin, ya dube ni. Na jira ya ce ƙarya kake, da ya faɗa da na samu abin yin faɗa a kai in huce. Bai ce ba. Cewa ya yi, "To, in ya dawo a gaishe shi." Ya juya kekensa ya tafi, bai sake zuwa ba.

Da sakamakon jarrabawar kwamfuta ya fito, Lawali ya ci makin da ba a saba gani ba a unguwarmu. Inna ta yi guɗa, Baba ya yanka zakara, ni kuwa na riƙa yawo a kasuwa kafaɗa a sama kamar ni na ci. Injiniya ya buga hoton yaron a ƙaton ƙyalle ya rataya a bakin titi. Har na so in haɗu da Malam Ishaya a hanya in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Sai jarrabawar makaranta ta zo. Ranar firatikal ɗin kemistiri Lawali ya shigo shagona ido jawur, ya zauna a benci. Ya ce an ajiye masa kwalabe da wani dogon bututun gilashi, bai san ta inda ake kama shi ba, yana kallon 'yan ajinsu suna ɗiga ruwa yana canza launi, shi ko zubawa ya kasa har ya ɓarar da rabi a tebur. Ya ce, "Yaya, ba a rubuta komi ga allo ba. Na dubi Malam, mun haɗa ido, yak kau da kai." Na ce ya kwantar da hankalinsa, masu maki suna da sassauci. Ni kaina na san iska nake faɗa. Da sakamako ya fito ya ci sauran darussa, ya faɗi kemistiri da fizis. Makin nan da aka yanka wa zakara ya tashi a banza, don ba ya tsallaka shekara. Hotonsa kuwa yana nan a bakin titi har yau, rana ta kashe masa launi, Injiniya yana ta kama sababbin yara da shi. Ko gaisuwar jaje bai zo mana ba.

Baba ya je makaranta da kansa neman ba'asi, can aka gaya masa yaronsa ya daɗe ba ya shiga aji. Ya dawo a fusace, ya tsayar da Lawali a tsakar gida ya ce, "Wa yas sa ka?" Ina tsaye a wurin. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni nig ga dama, Baba." Ya sha mari a gabana, ya sha maganganun da uba bai kamata ya faɗa wa ɗansa ba, bai ko kalli inda nake ba. Wane irin wa ne ke tsayawa ƙanensa ya ɗaukar masa duka? Ga shi nan, shi ne yake rubuto muku.

Da fushin Baba ya sauka daga kan Lawali sai ya koma kan malamin. Ya ce yaro yaro ne, amma babba da aka ba amana ya ga ɗalibi ya ɓace wata da watanni ya yi gum? Ya ce, "Shekarunai nawa garin ga, bai san ƙohwar gidana ba? Da ya zaka ya hwaɗa min, da kunne zan ja yaron ga in kai shi aji." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai da kaz zamna gida, ya taɓa zakkuwa?" Jama'a, nan ne Allah ya ba ni ƙofa ta ƙarshe. Inna tana kallona, Lawali yana kallona. Na buɗe baki na ce, "Wallahi Baba ban taɓa ganinai ba." Da rantsuwa na faɗa, ba wanda ya nemi in rantse.

Daga wannan kalmar tawa komai ya tashi. Baba ya kai maganar majalisarsu ta ƙofar masallaci, sai ga iyayen wasu yaran da su ma suka gudu lasin suka faɗi, kowa da ma neman wanda zai ɗora wa yake. Wani ya ce ai 'ya'yan baƙi 'yan'uwan malamin duk sun ci. Gaskiya ne sun ci, da su da 'ya'yan Musulmin da suka zauna a aji, amma wannan rabin ba wanda yake son ji. Kafin mako ya zagayo zance ya zama wai da gangan yake barin 'ya'yanmu su lalace, nasu kuwa yana bin su gida-gida. Mutumin da ya bi namu har gida, ni na kore shi da murmushi. Yanzu akwai masu kau da kai in ya gaishe su, na ji an ce mai gidan da yake haya ya fara yi masa zancen wai ɗansa zai yi aure yana son ɗakunan. An sa taron iyaye da malamai ranar Asabar mai zuwa, kuma abin da za a nema a fili yake, a ɗauke shi daga makarantar. Iyayen sun ce ni zan yi magana da yawunsu, wai ni ne mai boko, kuma ni ne shaidar cewa bai taɓa taka ƙofarmu ba.

Abin da ya fi ci mini rai Lawali ne. Ya rame, ba ya fita, littattafansa ya tura su ƙarƙashin gado. Rannan ya zo taya ni zama a shago, sai ya ce, "Yaya, ni ban yi da-na-sanin ruhe maka asiri ba, na san alheri kan nuhe ni da shi. Abin da ad damuna Malam na. Ni ina ganin shina sona. Ashe ko sau guda bai tambayi inda nike ba." Ya goge ido da hannun riga. Na yi kamar ina neman wata caja a ƙarƙashin tebur don kada ya ga fuskata. Na raba yaro da shekararsa, na kuma raba shi da mutumin da ya fi kowa damuwa da karatunsa, har yana gode mini.

Shekaranjiya Malam Ishaya ya zo shagon da kansa. Ya miƙo wayarsa a sa a caji kamar kowane mai ciniki, ya jira mutane suka ragu. Ya ce, "Na ji kai za ka yi magana ranar Asabar." Na sunkuya kan wayoyin da ke caji. Ya ce, "Ni ba zan yi musu da kai a gaban mahaifinka ba. In na ce na zo, ka ce ban zo ba, kai ɗan gari ne, ni baƙo ne, mun san wanda za a yarda da shi. Kuma ba na son in zama sanadin da uba zai juya wa ɗansa baya. Abin da na zo faɗa shi ne, in Lawali zai sake zama jarrabawar, ka turo mini shi da yamma, ko ina makarantar ko ba na nan. Yaron yana da kai." Ya karɓi wayarsa ko rabi ba ta cika ba ya tafi. Na ji haushinsa, wallahi na ji. Me ya sa ba zai zage ni ba? Me ya sa ba zai tona ni ya huta, ni ma in huta? Ya bar mini kayan gaba ɗaya a kaina ya hau kekensa.

Za ku ce ai abin a fili yake, in je in faɗi gaskiya. Daga nesa komai sauƙi gare shi. Baba yana da hawan jini tun da aka kore mana shanu a Zugu, kuma a duk abin da ya rage masa a duniya ni ne ya fi yarda da shi. In na ce masa ni na cire yaron daga aji, ni na tare saƙo a zaure, ni na bari ya mari Lawali a kan laifina, na kuma rantse masa da Allah a kan ƙarya, ya tsaya a gaban dattawan gari ya kafa hujja da ita, me zai same shi? In ya yi mini baki fa? Lawali kuma, da wane ido zai sake kallona? In kuma na yi shiru, ko na ce ba ni da lafiya ranar, rantsuwata tana nan tana aiki ko ba ni a wurin. Za a tayar da mutumin da bai yi komai ba da iyalinsa, makarantar ta zauna ba malamin kimiyya, don kowa ya san ba wanda yake rububin zuwa yankinmu yanzu.

Jiya bayan la'asar Baba ya kira ni ɗakinsa. Na shiga na same shi ya buɗe akwati ya fito da babbar rigarsa ta Sallah, wadda ko taɓa ta ba a bari mu yi. Ya ɗora mini ita a hannu ya ce, "Wagga za ka sa ran Assabar. Ni ban iya zancen 'yan boko ba, kai ab bakina. Ka hwaɗa musu gaskiya kamar yadda kah hwaɗa min, kada ka ji tsoron kowa." Na ce to Baba. Na fito da rigar a hannuna, ga ta nan a rataye a ɗakina ina kallonta ina rubuta muku wannan.

Don girman Allah ku ba ni shawara kafin Asabar. In same shi a ɗaki in gaya masa tun yanzu, in ɗauki duk abin da zai biyo baya? In fara gaya wa Inna, ko Lawali? Ko in bari sai na miƙe a gaban taron cikin rigarsa? Me zan yi?